Taguwarka Ba Mahaukaciya Ba Ce

Zuwa ga Yayana, Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan Allah ya sa ka iske makwancinka da yalwa da sanyi. Yau kwananka takwas a ƙasa. Jiya aka yi addu'ar bakwai, ban je ba, kuma kai ne ya kamata ka fara jin dalili. Waɗanda za su karanta wannan a shafina su yi haƙuri, ba da su nake ba.

"Ki ce hauka, Murja. Kalma guda ce. Mi zai ragu a jikinki?"

Kawu Lawal ke nan, shekaranjiya, ya tare ni a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa, takardar sakamakon gwaji tana cikin jakata. So yake a tashi a gaban malamai ranar bakwai a ce likitar dabbobi ta auna, taguwar da ta kashe Sada ciwon haukan kare ne ya kama ta. Ya ce, "Likitar ma ɗiyar gidan ce. Wa zai musa?"

Na ce masa in na ce hauka, duk wanda ya sa hannu a jininta ko yawunta ranar nan sai an yi masa allura, kuma sun kai rabin unguwa. Ya ce, "Wannan kuma su ta shafa. Ni tsohuwar nan nake ji. Kwana shida ba ta ci abin kirki ba. So kike ta bi shi?"

Inna yake nufi. Ka san yadda take lissafinta. In mahaukaciyar dabba ce ta afka maka, to ƙaddara ce tsantsa, kamar faɗuwar katanga, har malamai su ce mata kana cikin masu kyakkyawan ƙarshe. In kuwa taguwar da saninta ta yi, to haƙƙi ne ya biyo ka, kamar yadda ake ta raɗa a gari. Kuma Inna ta san don wa ka sayi taguwar, ta san cikin wa nonon ya shiga.

Ba ka nan lokacin da aka yi rabin abin da zan faɗa, rabin kuma kana nan amma ba ka kula ba. Don haka bari in jero maka shi tun daga farko.

Da ciwon suga ya matsa wa Inna bara, wani ya ce maka nonon raƙumi. Na ce maka ta ci gaba da shan maganinta, nono ba zai hana komai ba, ba zai kuma warkar da komai ba. Ka ce, "Likitar jakuna, ke dai tsaya ga jakunanki." Sati biyu bayan haka ka sauke taguwa da ɗanta a filinka na hanyar Batagarawa, tare da Baba Agali, tsohon Buzun da ka ɗauka ya kula da su. Kullum da hantsi kana ƙofar ɗakin Inna da galan ɗin nono a hannu, da ɗuminsa. Duk cikinmu babu wanda ya yi mata haka. Ina so wannan ya shiga takardar kafin sauran.

Rani ya shigo, nono ya ragu, ɗan kuma ya girma, yana shanye fiye da rabi. Sai ka yi irin lissafin da kowane mahauci zai yi. A yanka ɗan, nonon ya zama na Inna gaba ɗaya.

Baba Agali bai hana ka ba. Su ma Buzaye suna yi. Abin da ya roƙe ka guda ne: a ɗauki ɗan a mota a kai shi kwata, ko a ja uwar a kai ta bayan gari har a gama. Kai kuma rana ta fara yi, ga masu jiran nama. Ka ce, "Dabba ce, Baba Agali. Gobe ta manta." Ka sa aka ɗaure ta a durƙushe, aka kifa mata buhu a ka.

Kai ɗan Babanmu ne, Yaya, mahauci ɗan mahauci. Shekara nawa muka ji shi yana faɗa wa yaran kwata kada a wasa wuƙa a gaban dabba, kada a kwantar da wata a gaban 'yar'uwarta? Ka taɓa shan mari a kan wannan, ina tsaye. Ba rashin sani ba ne. Ka ɗauka buhu ya isa.

Buhun ya faɗi ana tsakiyar aiki. Baba Agali ya ce ta kaɗa kai sau biyu ya zame. Abin da ta gani shi ne kai, gwiwarka bisa kafaɗar ɗanta, an lanƙwasa wuyansa baya, wuƙarka ta shige gindin wuyan, jini yana tsartuwa har ƙirjin rigarka. Taku goma ne tsakaninku. Ya ce ɗan yana shure-shure yana kallon wajenta. Ya ce kai ko waiwayowa ba ka yi ba, don hannunka yana cikin aiki, kuma kai ba ka yin aiki rabi.

Kwana uku tana ruri, ta ƙi ci, ta riƙe nononta. Sai Baba Agali ya yi dabarar da suka gada. Ya shanya fatar ɗan, ya cusa mata ciyawa, ya ɗinke, ya kafa ta bisa sanduna huɗu, ya barbaɗa mata kanwa a gadon baya. Taguwa in ta sunsuni fatar ɗanta ta lasa, sai nono ya sauko. Aka kawo mata. Ta sunsuna shi tun daga hanci har wutsiya, ta daɗe a wajen ɗinkin wuya. Sannan ta lasa. Nono ya zubo.

Ka kira ni a waya kana dariya har da tari. "Zo ki ga mai hankalin taki tana lasar buhun ciyawa!" Ka raɗa masa suna Ɗan Ciyawa. Ni ma na yi dariya. Ba zan ɓoye ba, na ɗauka ka ci gardamar.

Gardamar tamu ta daɗe. Tun ina jami'a in na dawo hutu kake tsokanata, kana cewa shekara shida ina karatun abin da ba ya ko iya gaishe ni. Kai a wajenka magana a rufe take: mutum aka ba hankali, dabba aka ba ciki. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, karatun nawa ma kusan haka ya ce, da dogon Turanci. An koya mana in dabba ta yi abin mamaki, mu nemi bayani mafi ƙanƙanta mu tsaya a kansa. Wari ya shiga hanci, jiki ya saki nono. Ba a buƙatar tunani a tsakani.

Aikina kuma bai ƙaryata malamaina ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsayawa a kwata da hatimi a hannu, ina duba abin da za a ci a garin nan. Na ga rago yana cin harawa ana feɗe ɗan'uwansa a gefensa, har jinin yana taɓa masa kofato. Na ga saniya ta turje da ta ji ƙarnin jini, an ba ta minti biyu, ta manta, ta bi igiya. Tsoro yana ko'ina, har kaza tana da shi. Wayo ma ba wuya: akuyar Inna tana buɗe murfin tukunya, ɓeran ɗakin girkina ya san shinkafar da na sa wa guba. Abin da ban cika gani ba shi ne dabba ta riƙe abin da ba ya gabanta, ta ajiye shi zuwa wata rana, ta kuma ɓoye cewa ta riƙe. Sau ɗaya na ga hankaki biyu a bayan kwata, ɗaya yana jan wutsiyar kare, ɗayan yana ɗauke ƙashin. Na tsaya ina kallo har aka fara kirana. Ko wannan ɗin, na ce wa kaina, wataƙila sabo ne.

Ina jin masu manyan na'urori suna leƙen taurari, suna neman wasu masu tunani irinmu. Ina yi musu fatan alheri. Da sun yi wata guda a kwata, da sun rage zumuɗi. Rai ya cika duniya, Yaya, yana motsi, yana ci, yana haihuwa, yana gudun wuƙa. Amma ka leƙa ido dubu kafin ka samu ɗaya da ke leƙo ka.

Sati uku da yanka ɗan na zo filin yi mata allurar kaska. Tana durƙushe tana tuƙa, Ɗan Ciyawa a gefenta. Baba Agali ya wuce ta gabanta da bokiti, ba ta kula ba. Na soka mata allura, ta yi ɗan gurnani ta ci gaba. Sai ga muryarka daga bayan katanga, kana waya, ba a ma ganinka. Bakinta ya tsaya. Ba ta ja igiya ba, ba ta juya kai ba. Kunne ɗaya ne ya bi ka tun daga ƙofa har rumfa. Sai da ka tada babur ka tafi ta ci gaba da tuƙa.

Na ce maka ka daina shiga turkenta. Ka ce nonon Inna ne, da hannunka za ka ɗauko. Don ka kunyata ni har ka ari rawanin Baba Agali da rigarsa, ka shigo kana ɗingishi irin nasa, muna ta dariya. Bakinta ya tsaya. Ka ce turarenka ne ta ji. Na ce mai yiwuwa. Bayani mafi ƙanƙanta ke nan, kuma ni aka koya wa son sa. Da na yi maka ihu ranar, da na kai ƙararka wajen Inna, da wataƙila ka ji. Ban yi ba, don kada in zama likitar da ke tsoron kunnen raƙumi.

Sai da ta kusa wata biyu tana ba da nono kullum.

Ranar Talata da safe Baba Agali ya tsallaka titi ɗauko ƙarin harawa. Kai kaɗai ka shiga. Tana durƙushe, ƙafarta ta gaba a naɗe an ɗaure da igiya kamar kullum. Ka sunkuya za ka gyara Ɗan Ciyawa da iska ta karkatar, ka ba ta baya. Daga tsallaken titi ya ga ta miƙe tsaye, igiyar ta rabu biyu kamar zare.

Ta kama ka tsakanin wuya da kafaɗa. Ta ɗaga ka sama har takalmanka suka zube, ta girgiza ka, ta maka ka da ƙasa. Ka yunƙura za ka tashi, ta sake kamawa, wannan karon a fuska. Sannan ta durƙusa a kanka. Ka san ƙirjin raƙumi, wannan tattauran ƙullutun da yake kwanciya a kai. Shi ta ɗora bisa haƙarƙarinka, ta saki nauyinta, tana murzawa gaba da baya. Baba Agali ya iso yana dukanta da sanda har sandar ta karye. Ya ce kamar yana dukan katanga. Ya ce abin da ya fi tsorata shi, ba ta yi ruri ko sau ɗaya ba. Ƙarar ƙasusuwanka kawai yake ji.

Da ka daina motsi ta tashi. Ta sa hanci a fuskarka ta sunsuna. Ta taka zuwa inuwar dalbejiya ta durƙusa. Baba Agali ya je ya kama akalarta, ta biyo shi kamar tunkiya.

Ni ya fara kira. Kafin in iso daga Ƙofar Kaura an ɗauke ka a mota, filin kuma ya cika. Abokan sana'arka daga kwata, masu babura, masu wucewa da ba su taɓa jin sunanka ba. Gatari, adda, taɓarya, bulo. Sun fara da jijiyoyin agararta don kada ta tashi, ta zube ta baya tana jan gindi. Wani ya fasa mata ido ɗaya da dutse. Wani ya hau tozonta yana sara kamar mai faskare. Baba Agali ya shiga tsakani yana cewa a bari hukuma ta zo, aka rotsa masa kai, ya zauna cikin ƙasa jini na bin rawaninsa. A lokacin kam ta yi ruri, ta yi shuri, ta yi kashi a jikinta, kamar kowace dabba da ake kashewa. Na nemi abin da na gani a kunnenta ranar allura, ban same shi ba. Ban same shi a fuskokin mutanen ba ma.

Suna sara suna cewa mahaukaciya ce. Sai wani dattijo ya ɗaga murya: "Kai jama'a, a yanka ta kada ta yi mushe!" Nan take kowa ya dawo hayyacinsa. Aka ja baya, aka juya ta gabas, aka kawo wuƙa mai kaifi, aka yi bisimilla. Ban san daga ina robobi da ledoji suka fito ba. Kafin awa guda, mahaukaciyar ta watsu cikin unguwa kaso-kaso. Wani ya cinna wa Ɗan Ciyawa wuta, ya ci da sauri.

Kan taguwar kawai na ƙwata, da katin aiki da zagi. Ban san na iya zagi haka ba, da ka ji da ka yi alfahari. Na saya masa ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan sanyi, na sa shi a bayan mota, sannan na wuce asibiti wajenka. Da shi a motar na je. Na rasa inda zan ajiye shi.

Ma'aikatan asibitin sun ji ana ce mini likita, suka bar ni na shiga. Ba zan faɗa maka yadda na same ka ba sai kaɗan. Ƙirjinka ya lotsa kamar kwandon da aka zauna a kai. Gefen fuskarka na hagu babu. Na dama yana nan lafiya, har da ɗan tabon da na yi maka da murfin gwangwani muna yara, ranar da ka ce ba za ka goya ni a keke zuwa makaranta ba, kuma ka goya ni. Na ƙirga sawun haƙora, na auna faɗinsu da yatsa, don shi ne abin da hannuna ya iya. Sannan na fito na jingina da mota.

Da yamma, bayan an kai ka, na fasa ƙoƙon kan na ciro ƙwaƙwalwar. Ta zauna cikin tafukana biyu, ba ta ko cika su ba. Na juya ta, na duba. Irin wadda nake gani kullum ce, fara-fara, mai laushi, ana sayar da irinta a faranti. Babu inda aka rubuta sunanka. Na yanki abin da ake buƙata na aika ɗakin gwaji, ina roƙon Allah, ni da na san alamomin ciwon sarai, ya sa a ce tana da shi. Dabbar da haukan kare ya kama ba ta cin abinci lafiya, tana dalalar da yawu, tana cizon turke, tana cizon kanta, tana cizon duk wanda ya matso. Ba ta zaɓe. Taka kuwa ta ci harawarta da safiyar ranar. Amma na roƙa.

Ranar uku Baba Agali ya zo gaisuwa, kansa a naɗe da bandeji. Ya ja ni gefe ya miƙo mini baƙar leda. Igiyar ce. Na ɗauka tsinkewa ta yi don tsufa. Da na duba a rana sai na ga taunawa ce, kuma ba ta yini ɗaya ba. Wasu zaruruwan sun yi baƙi, ƙasa ta shige su, sun daɗe da yankewa. Wasu farare ne, na kwanan nan. Duk a gefe guda, ta ciki, wajen da gwiwarta ke dannewa in ta durƙusa. Ta bar 'yan zaruruwa kaɗan da za su riƙe igiyar ta yi kamar lafiyarta ƙalau.

Ya ce, "Kullum da safe ina dubawa, Likita. Wallahi ina dubawa. Amma ƙullin nake dubawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ita kuma ta san ƙullin nake dubawa."

Zan iya ba ka bayani ƙarami a nan ma. Raƙuma suna taunar igiya in zaman turke ya ishe su, ko in jikinsu na neman gishiri. Cikin igiya ya fi kusa da baki. Sa'a ce ta sa ta tsinke ranar da kake kai kaɗai ka ba ta baya. Kowane ɗaya yana iya zama gaskiya. Na kwana biyu ina jera su, kamar mai jera kwanoni a kan tebur mai ƙafa uku. Ban san abin da ke cikin kan nan ba, Yaya, kuma duk wanda ya ce maka ya sani, ƙarya yake. Ban san ko ta gane Ɗan Ciyawa ciyawa ne ba. Wataƙila jikinta ya yarda da shi, wani abu kuma a cikinta bai yarda ba. Abin da na sani, shekara goma sha ɗaya ina jiran in ga dabba ta tuna, ta jira, ta ɓoye. Na gani sau ɗaya, kuma a kanka.

Da wani aka yi wa, da na zo gidanka da igiyar nan a hannu, in ajiye maka a gaba in ce to, mahauci, yi bayani. Da ka juya ta, ka ce ɓera ne. Da matarka Saratu ta kawo mana shayi muna ta musu har a kira magariba. Wannan nake ta tunani, ba fuskarka ba. Na samu hujjar da ta fi kowace, kuma babu wanda zan kai wa.

Ba na cewa ka cancanci abin da ya same ka. Ka yi kuskuren da mahauta ke yi kowace safiya su wuce lafiya, don dabbobin da suke yi wa ba sa riƙewa. Cikin dubbai da suka bi ta hannunka, ka faɗa kan guda da ta riƙe. Kuma don Inna ka yi. Allah ya san wannan, ko ita taguwar ba ta sani ba.

Bari in yi maka addu'a tun yanzu, don ban tabbata zan iya ba in na gama faɗin sauran. Allah ya jiƙanka, Yaya Sada. Allah ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Allah ya sa zafin da ka sha a ƙasan filin nan ya zama kankarar zunubi, ya sa in akwai shari'a tsakaninka da baiwar nan tasa, an gama ta a nan duniya. Allah ya karɓi kowane galan da ka kai ƙofar ɗakin Inna. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba Saratu haƙuri. Amin.

Sakamakon ya ce ba ta da ciwon. Shi ne a jakata lokacin da Kawu Lawal ya tare ni. Na ce masa zan yi tunani, na wuce ciki.

Bayan la'asar ne. Inna tana zaune bisa darduma, carbi a hannu amma ba ta ja. Ta rame, Yaya, zoben nan nata yana juyawa a yatsa. Na durƙusa na gaishe ta. Tun daga zaure na shirya kalmar a bakina. Na sha yi wa tsofaffi ƙarya cewa saniyarsu ba ta ji zafi ba, ban taɓa kasa barci a kai ba. Kalma guda ce, kamar yadda Kawu ya ce.

Ta ce, "Takardar ta zo?"

Na ce ta zo.

Ta ce, "Kada ki yi mani irin maganar Lawal. Ni na haife ki. Dube ni."

Na dube ta. Na ce, "Lafiyarta lau, Inna. Ba ta da hauka."

"To ta san shi?"

"Ta san shi."

"Jiran shi ta yi?"

Na ce, "Ina jin jira ta yi."

Ina jin matan da suka zo gaisuwa suna wanke kwanoni a tsakar gida. Na zaci za ta yi kuka, ko ta tsine wa karatuna, na shirya wa duka biyun. Sai ta ajiye carbin a kan darduma, ta shafa shi da tafin hannu.

Ta ce, "Wata biyu. Ta yi haƙuri. Da ni ce aka yanka mani Sada ina kallo, ban kai wata biyu."

Na matsa zan riƙe hannunta, ta janye.

Ta ce, "Tashi ki tahi gidanki, Murja. Ban iya kallon wanda ya san maganar nan. In na iya, zan aiko. Ja mani ƙofa."

Na tashi. Na tsaya a bakin ƙofa ko za ta ƙara wani abu, ta juya fuskarta gabas. Na ja ƙofar a hankali har ta rufu, na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta tsakanin matan na fita.

Ƙanwarka,
Murja